Tsiro, ɗaci da yis: fashin baƙi kan ƙananan gidajen dafa giya

Ƙamshi ne ya fara tarbata tun daga bakin ƙofa, kuma ƙamshi ne da na sani tun ina yaro. Wani ƙaramin gidan dafa giya ne a wani ƙauye da ke wajen birnin Bamberg a kudancin Jamus, inda malaminmu ya kai mu don mu ga yadda ake sarrafa sha'ir, kasancewar karatun da nake yi ya shafi sarrafa hatsi. Tun da asuba suka ɗora tukunya. Tururin da ke fitowa ta tagar ɗakin girkin bai bambanta da na tsakar gidanmu ba a ranar da Goggo ke dama kunun zaƙi da tsiro. Sai da na ɗan tsaya na shaƙa sosai kafin in bi sahun 'yan ajinmu.

Ni ba na shan giya. Addinina ya haramta ta, kuma ban ɗauki alƙalami don in kwaɗaita wa kowa ita ba. Amma masu karanta Hausa ba iri ɗaya ba ne. Akwai ɗalibanmu da ma'aikatanmu a Turai da Amurka waɗanda abokan aiki ke cewa su zo a je yawon gidajen giya ranar Asabar, su rasa ko me ake nufi. Akwai maƙwabtanmu masu jin Hausa kamar mu da suke sha. Sannan akwai manomin dawa a Kano ko Katsina wanda buhunsa ke ƙarewa a irin wannan masana'anta bai ma sani ba. Abin da na gane a ranar nan shi ne, wanda ya san tsiro ya riga ya san rabin wannan sana'a, sauran rabin kuma ba ya fi ƙarfin bayani.

Mu fara da sunan. Abin da Turawa ke yayi a 'yan shekarun nan shi ne wadda suke kira craft beer, wato giyar da ƙaramin gida mai zaman kansa ya dafa da hannunsa, aka sayar da ita a ɗakin da ke jikin wurin dafawar. A Amurka yayin ya taso. Dokar hana giya da ta yi aiki a ƙasar daga 1920 zuwa 1933 ta rufe gidaje masu yawa, waɗanda suka tsira kuma manyan kamfanoni suka riƙa haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a duk faɗin Amurka ba su kai 100 ba, kuma kusan abu ɗaya suke fitarwa: ruwa-ruwa, fara-fara, wadda aka ƙara wa sha'irinta masara ko shinkafa. A 1965 wani mai suna Fritz Maytag ya sayi tsohon gidan Anchor na San Francisco da ke gab da durƙushewa, ya farfaɗo da tsofaffin hanyoyin girki. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutum damar dafa wadda zai sha a gidansa, kuma daga cikin masu dafawa a gida ne irin su Ken Grossman suka fito, wanda ya kafa Sierra Nevada a garin Chico na Kalifoniya a 1980. A 'yan shekarun nan adadin gidajen giya a Amurka ya haura 9,000.

Kalmar "ƙarami" a nan tana buƙatar a yi mata kallon tsanaki. Ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka, Brewers Association, tana ƙirga gida a matsayin ƙarami idan bai wuce ganga miliyan 6 a shekara ba, kuma babban kamfanin barasa bai mallaki kashi 25 cikin ɗari nasa ba. Ganga ɗaya ta kai lita 117. Ke nan gidan da ke fitar da lita miliyan 700 a shekara yana iya shiga sahun ƙanana. Ga kuma saye: babban kamfanin giya AB InBev ya sayi Goose Island na Chicago a 2011, Heineken ya sayi rabin Lagunitas a 2015 ya cike sauran a 2017, tambarin kwalba kuwa bai canza ba. Shi kansa Anchor, wanda da shi aka fara, kamfanin Sapporo na Japan ya saye shi a 2017, aka rufe shi a 2023. Don haka mai son tallafa wa ƙaramin ɗan kasuwa da kuɗinsa sai ya tambayi wa ke da gidan, domin hoton gemu da ganga a jikin kwalba ba shaida ba ne.

Yankin Bamberg bai jira wannan yayi ba, saboda bai taɓa rasa ƙananan gidajensa ba. Birnin bai kai mutum dubu 100 ba, amma gidajen dafa giya a cikinsa sun kai wajen goma, ƙauyukan kewaye kuma kusan kowanne da nasa, na gado, uba ya bar wa ɗa. Wanda muka je, mutum uku ne ke aikin: maigidan, 'yarsa, da yaro ɗaya mai koyon sana'a.

Abu huɗu ne ke shiga tukunya, amma tsiro ne uwa. Ƙwayar hatsi cike take da gari wanda yis ba ya iya ci. Idan aka jiƙa ta kwana biyu, aka baza ta a wuri mai laima har ta fara fitar da saiwa, sai ta saki wasu sinadarai da ke narkar da garin ya koma sukari, domin jaririn shuka ya samu abinci. Mai yin tsiro yana barin ta kwana huɗu zuwa shida, sannan ya katse tsirowar da zafi tun kafin shukar ta cinye abincin. Goggo ba ta san sunan sinadaran nan ba, amma ta san idan ta zuba markaɗaɗɗen tsiro a cikin gasara mai zafi ta rufe ta bar shi ya kwana, kaurin zai sake, zaƙi ya fito ba tare da ta sa ko cokali ɗaya na sukari ba. Aikin ke nan da ake yi a tukunyar tagulla ta Bamberg, sai dai su da ma'aunin zafi a hannu.

Yadda aka busar da tsiron shi ke ba giya launi da gardi. Wanda aka busar a zafin da bai wuce maki 85 na ma'aunin Celsius ba yana fitowa fari, ɗanɗanonsa kamar na ɓawon burodi. Idan aka ƙara wuta sai ya yi ja-ja, ya ɗauko ɗanɗanon alewa. Wanda aka soya a ganga mai juyawa har zafi ya haura maki 200 kuwa baƙi ƙirin yake fitowa, da ƙaurin gahawa. Maigidan ya zuba mana iri biyar a tafin hannu muka tauna. Na farkon kamar ɗanyen gero da aka ɗan tuma, na ƙarshen kamar ƙanzon tuwo da ya ƙone. Ya ce ɗan kaɗan na baƙin ya isa ya rine tukunya guda.

A nan ne kuskuren farko na baƙo yake: ɗaukar cewa baƙar giya ta fi ƙarfi. A Najeriya akwai dalilin wannan zato, domin Guinness ɗin da ake yi a ƙasar tana da barasa kashi 7.5 cikin ɗari. Amma Guinness ɗin famfo da ake sha a Dublin kashi 4.2 ce kawai, alhali Duvel ta Beljiyam, mai launin zinariya garau, kashi 8.5 ce. Launi daga wuta yake zuwa, ƙarfi kuma daga yawan sukarin da yis ya cinye.

Bayan an ɓarza tsiron sai a kwaɓa shi da ruwan zafi tsakanin maki 62 da 72, a bar shi kamar awa ɗaya. 'Yan makin nan goma suna da tasiri ƙwarai. A ƙasa-ƙasa, sukarin da ke fitowa mai sauƙin ci ne ga yis, giyar sai ta fito sakayau ba zaƙi. A sama-sama, wani sukarin yana saura wanda yis ba ya iya taɓawa, sai ta yi kauri a baki. Daga nan a tace, dusar ta tafi wurin shanu, ruwan zaƙin kuma ya shiga tukunyar tafasa. Har zuwa wannan mataki babu ɗigon barasa a ciki. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na biyu shi ne hop, furen wata shuka mai yaɗo da ke hawa igiya har wajen mita bakwai. Yankin Hallertau na Bavariya da kwarin Yakima na Amurka su ne manyan wuraren nomansa. Furen macen ake tsinka, kore ne, idan ka murza shi a yatsa sai wani gari rawaya mai danƙo ya manne maka. Aikinsa biyu: yana kawo ɗacin da ke karya zaƙin tsiro, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta lalata ruwan. Wanda aka zuba tun farkon tafasa ɗaci yake bayarwa, wanda aka zuba a ƙarshe ko bayan an sauke kuma ƙamshi. Hop ɗin Jamus ƙamshin ciyawa da kayan yaji gare shi. Na Amurka, irin Cascade da aka fitar a 1972, ƙamshin lemo da mangwaro. Yawancin yayin nan na zamani a kan wannan ƙamshi aka gina shi, musamman nau'in da ake kira IPA, wanda sunansa ya samo asali daga giyar da Ingila ke aikawa Indiya zamanin mulkin mallaka.

Na uku yis, wanda ke cin sukari ya fitar da barasa da iska. Dokar tsaftar giya da aka kafa a Bavariya a 1516 ta ambaci sha'ir da hop da ruwa, ba ta ambaci yis ba, saboda a lokacin ba a san halitta ce mai rai ba. Sai a ƙarni na 19 Louis Pasteur ya nuna haka, kuma a 1883 Emil Hansen ya ware tsantsar iri guda a ɗakin binciken Carlsberg a Denmark. Yis ya kasu gida biyu manya. Akwai mai son ɗumi, wanda ke aiki a maki 15 zuwa 24, ya taso sama da kumfa, ya gama cikin kwanaki, ya bar ƙamshin 'ya'yan itace. Giyarsa ita ake kira eyil. Akwai mai son sanyi, wanda ke aiki a hankali a maki 7 zuwa 13, sannan a ajiye ta makonni a wuri mai sanyi; ita ce laga, sunan ma daga kalmar Jamusanci ta ajiya ya fito. Kafin zuwan firji, mutanen Bamberg ramuka suka haƙa a cikin duwatsun birnin don wannan ajiya, suka dasa itatuwa a sama don inuwa, har yau kuma a kan waɗannan ramuka suke zama su sha da bazara. Giyar alkama ta Bavariya tana ƙamshin ayaba da kanumfari, kuma ba a sa mata ko ɗaya ba. Aikin yis ne kawai.

Ruwa shi ne na huɗu. Ruwan garin Pilsen na Jamhuriyar Cek mai laushi ne, wato ma'adinan cikinsa kaɗan ne, shi ya sa farar lagar da Josef Groll ya dafa a can a 1842 ta yi kyau har ta mamaye duniya. Yawancin giyar kwalba da ake sayarwa a Afirka jikokinta ne. Yanzu kowa na iya gyara ruwansa da gishirin ma'adinai, don haka maganar ta rage nauyi.

To, ga baƙo ya shiga ɗakin sha. A bango akwai allo da aka rubuta da alli, layi goma ko goma sha biyar, kowane layi da suna, da nau'i, da lambobi biyu. Lamba ta farko, mai alamar kashi cikin ɗari, yawan barasa ce. Ta biyu, mai haruffan IBU, ma'aunin ɗaci ce: laga mai sauƙi ba ta cika wuce 20 ba, IPA kuwa daga 40 zuwa 70. Wannan lamba ta biyu tana iya yaudara, domin baƙar giya mai kauri da ke da 60 ba za ta yi ɗaci a baki kamar siririyar da ke da 40 ba, kamar yadda shayi mai madara da sukari ke ɓoye ƙarfin ganyensa.

A Amurka da sauran gidajen zamani, wanda bai san abin da zai zaɓa ba ana kawo masa wani ɗan katako mai ramuka, da ƙananan tambulan huɗu zuwa shida, kowanne bai wuce mililita 150 ba. Na tambayi 'yan ajinmu da suka san abin yadda suke yi, kuma tsarinsu yana da hujja. Suna farawa da mai sauƙi su ƙare da mai nauyi, domin harshen da ɗaci ya riga ya daka ba zai ji laushin farar laga ba. Wanda ya fara cin yaji ba ya gane daɗin nono. Farar giya tukuna, sai ta alkama, sai ja, sai mai yawan hop, sai baƙa mai kauri. Mai tsami da mai hayaƙi ana barinsu can ƙarshe ko a ware musu zama na daban. Tsakanin kowane biyu suna kurɓar ruwa, su gutsuri burodi. Suna sunsunawa kafin su kurɓa, saboda yawancin abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke jinsa. Masu nauyin kuma suna barinsu su ɗan huce daga sanyin firji, don sanyi mai yawa yana kulle ƙamshi.

Wani abu da ya burge ni shi ne abin da maigidan ya gaya wa ɗaya daga cikinmu da ya tambaye shi wacce ta fi kyau. Ya ce idan kana son ka san mai girki, nemi farar lagarsa mafi sauƙi, domin babu inda kuskure zai ɓuya a cikinta. Giyar da aka cika wa hop da gahawa da koko da mangwaro tana iya rufe aibi goma. Na yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari, domin haka abin yake a kowane girki: tuwo da miyar kuka sun fi tona asirin mai dafawa fiye da abincin biki. Aibin kuwa sananne ne ga masu sana'ar. Ƙamshin man shanu alama ce ta an yi gaggawar raba giya da yis. Warin jiƙaƙƙen kwali alama ce ta iska ta shiga ko ta tsufa. Kwalba kore ko fara da ta sha rana tana yin wani wari mara daɗi, shi ya sa ƙananan gidaje suka fi son kwalba mai ruwan ƙasa ko gwangwani. Mai yawan hop kuma ba ta son jira. Ƙamshinta na tafiya cikin 'yan watanni, don haka masu saye suna duba ranar da aka ɗura.

Shawara ta biyu da suke bi ita ce a nemi abin da wurin ya shahara da shi, wanda ba a samu a wani waje. A Bamberg giyar hayaƙi ce. Gidajen Schlenkerla da Spezial har yau a kan wutar icen bic, wata bishiyar Turai, suke busar da tsironsu, kamar yadda kowa ke yi kafin a ƙirƙiro murhun da ba ya hayaƙi. Na sunsuni tsiron: ƙaurin banda ne sak, irin na kifin Baga. A Beljiyam kuwa, wadda UNESCO ta sa al'adar giyarta cikin jerin abubuwan gadon duniya a 2016, akwai ta gidajen ibada na Trappist, wata ɗariƙar Katolika, irin su Orval da Chimay da Westmalle, wadda sharaɗinta shi ne a dafa ta a cikin harabar gidan ibadar a ƙarƙashin kulawar masu ibadar, ribar kuma ta tafi ga kula da gidan da taimakon mabuƙata.

Akwai lissafin da katakon nan ke ɓoyewa, kuma ina ganin wajibi ne a faɗe shi. Tambulan biyar masu mililita 120 sun yi mililita 600, wato babbar kwalba ɗaya cur. Idan biyu ko uku a ciki masu kashi 9 ko 11 ne, barasar ta kai wajen ta kwalba ɗaya da rabi. Mai zagaya gida uku a yini ɗaya ya sha abin da bai yi niyya ba, alhali a ransa ɗanɗanawa kawai ya yi. Masu ɗanɗanar ruwan inabi sukan tofar, masu ɗanɗanar giya kuwa haɗiyewa suke yi, don a can bayan harshe da maƙogwaro suke bin sawun ɗacin. A Jamus dokar tuƙi ba ta yarda sabon direba ko wanda bai kai shekara 21 ba ya kurɓi ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta faɗa a fili a farkon 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, kuma tun 1988 aka sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Ƙanƙantar gida da kyan girki ba sa canza wannan.

Nau'in da ya fi tsaya mini a rai shi ne lambik na Brussels da kewaye. Gidan Cantillon, wanda aka kafa a 1900, ba ya zuba yis da hannu. Ana kai tafasasshen ruwan tsiro can saman gini, a zuba shi a wani faffaɗan kasko na tagulla, a bar iskar dare ta shigo ta ramukan rufi har ya huce. Yis ɗin daji da ƙwayoyin tsami da ke cikin iska da jikin katako su ke kama aikin. Lokacin sanyi kaɗai ake yi. Daga nan sai ganga, shekara ɗaya zuwa uku. Abin da ke fitowa tsami gare shi kamar tsamiya, mutane kuma na tahowa daga Amurka da Japan don su gani.

Da malamin ke wannan bayani, wata 'yar ajinmu daga Filato ta taɓa ni ta ce, "Malam, ai burukutun kakata ke nan." Gaskiya ta faɗa. Burukutu, da fito na arewacin Ghana, da dolo na Burkina Faso, da bilbil na arewacin Kamaru da Chadi, duk tsiron dawa ne da ake barin ƙwayoyin tsami su fara kamawa kafin yis ya ƙarasa, kuma mata ne ke riƙe da sana'ar, a manyan tukwane, a ƙananan gidaje, ana sha a ƙwarya a inda aka dafa. Bambancin shi ne burukutu ba ta da hop, ba a tace ta tas, tana kan tsima ake shanta, kwana biyu zuwa uku ta lalace. Duk siffofin da Turawa ke yaba ƙaramin gida da su suna nan, sai dai babu allo da alli.

Dawar ma ta shiga manyan masana'antu. Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe reshe a Kaduna a 1963, duk da tsiron sha'ir da ake shigowa da shi daga waje. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi, dole kamfanoni suka koma kan dawa da masara. Tun daga nan dawar Arewa ta zama kayan masana'anta, kuma ba giya kaɗai take shiga ba. Tana cikin lemon malt da ake rabawa a bukukuwan aure da suna.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi shafar wanda ba ya sha. Lemon malt irin Maltina, wanda aka fara sayarwa a 1976, ruwan tsiro ne da ba a bar yis ya tsima shi ba. Giyar da ake cewa ba ta da barasa kuwa wani abu ne daban: ko dai an fara tsimawa aka katse, ko an gama ta giya sosai sannan aka cire barasar ta hanyar dumamawa ko tacewa. A Jamus ana iya rubuta wa kwalba cewa ba ta da barasa alhali tana da har kashi 0.5, mai neman wadda babu ko kaɗan sai ya nemi mai lambar 0.0. Malamai sun yi saɓani a kan waɗannan, musamman wadda ta taɓa zama giya kafin a cire mata barasa, don haka kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi, amma ya je da bayanin yadda aka yi ta, domin fatawa a kan sani take tsayawa. Wanda babu saɓani a kan haramcinsa shi ne Radler. Sabon zuwa yakan ga hoton lemo a jikin kwalbar ya ɗauka lemo ne, alhali rabinsa giya ce, da barasa wajen kashi 2.5, kuma hadisi ya riga ya yanke cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗansa ma haramun ne. Na san ɗalibi da ya sha a makonsa na farko bai sani ba, ya kwana cikin damuwa. Abin da ba shi da shakka a kowane irin wannan gida shi ne ruwan tuffa da aka gauraya da ruwa mai iska, wanda suke kira Apfelschorle. Akwai kuma hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, shi ya sa da aka zo zaman sha, na nemi izini na koma ɗakin tukwane.

A can na tarar da maigidan yana tace tukunya ta biyu. Da ya ji dalilina bai ja maganar ba, sai ya ɗauko kofi ya tara a bakin famfon da ruwan tsiro ke fita, tun kafin ya ga hop ko yis, ya miƙo mini. Da ɗumi, launin zuma, zaƙinsa har maƙogwaro. Na ce masa a garinmu da dawa muke yin irinsa. Ya ce ya taɓa gwada dawa ta ba shi wahala, kuma na san dalili: garin dawa ba ya nuna sai zafi ya haura inda sinadaran tsiro ke iya rayuwa, don haka idan ka dafa ta sosai ka kashe su, idan ka tausaya musu garin bai narke ba. Na gaya masa yadda matan da ke dafa burukutu da dolo suke yi. Sukan kwaɓa markaɗen da ruwa su bar shi ya kwanta, su tsiyaye ruwan saman da ke ɗauke da sinadaran su ajiye gefe, su tafasa gasarar ƙasan ita kaɗai har ta nuna, sannan su mayar da ruwan nan a kai. Na ƙara masa da cewa dole a murje saiwa da tohon tsiron dawa a zubar, saboda suna da irin gubar da ke cikin gyauro, wadda kowane makiyayi ya san tana kashe akuya. Ya ajiye ludayinsa, ya ciro ɗan littafi daga aljihun rigar aikinsa, ya ce in maimaita masa daga wurin tsiyayewar, a hankali.